KUFAN KAN DUTSE: ABIN DA YA HAU DA KAKANNINMU DA ABIN DA YA SAUKO DA SU

Jama'a, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwanakin baya na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa. Ba sai na faɗi sunan garin ba, kuma ba sai na faɗi abin da ya kashe mamacin ba, duk ɗan ƙasar Zuru ya riga ya gane. A gona aka tare shi. Muna zaune a rumfa bayan an yi addu'a, kowa ya yi jugum, sai wani matashi ya ce, "Ni dai da za a bi ta tawa, mu kwashe mu koma kan dutse kamar yadda kakanninmu suka yi. Su ai ba a kama su kamar kaji ba."

Wasu suka yi dariyar takaici. Kawuna tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, yanzu ya kusa tamanin. Ya ɗaga sandarsa ya nuna dutsen da ke gabas da gari, ya ce, "Yaro, ka taɓa hawa can?" Yaron ya ce a'a. Sai Kawu ya juyo gare ni: "Kai fa, ɗan boko?"

Na sunkuyar da kai. Shekara arba'in da 'yan kai, ga digiri, na je Abuja na je Legas, amma ban taɓa taka wurin da aka haifi kakata ba, wurin da ake hangowa daga ƙofar gidanmu. Wallahi kunya ta kama ni.

Bayan mako biyu na koma. Na sami wani tsohon maharbi da ya san dutsen kamar tafin hannunsa, ya tabbatar mini hanya lafiya, muka kama hawa da sassafe. Gani ya kori ji, don haka bari in fara da abin da idona ya gani.

Hanyar hawa ɗaya ce, kuma a wurare da dama mutum ɗaya kawai take ci. Akwai inda sai ka karkata kafaɗa ka ratsa tsakanin duwatsu biyu. Da muka kai kusan rabi sai ga ragowar katanga ta duwatsu zalla, an jera su ba laka, wani wurin ta kai ƙugu, wani wurin ta zube. Maharbin ya nuna mini wani giɓi ya ce nan ce ƙofa. Ya ce, "Yallaɓai, tsaya nan ka dubi ƙasa." Na duba. Duk wanda zai hau, tun yana gindin dutse kake ganinsa, shi kuwa ba ya ganinka. Mutum biyar da kwari da baka sun isa su tsare wurin.

A can sama fili ne shimfiɗaɗɗe, ya fi yadda nake zato girma. Ga kuka manya-manya, wadda duk inda ka gan ta a daji ka san an taɓa zama a wurin. Ga tsingaro ko'ina, ba ka taku uku ba ka taka ɗaya ba. Ga guraben niƙa a jikin falalen dutse, sun yi sulɓi saboda hannun matan da suka shekara suna niƙa dawa a kai. Na durƙusa na sa hannuna a ɗaya, na ce a raina wataƙila nan uwar kakata ta yi niƙa. Ga da'irar duwatsu inda ɗakuna suka tsaya. Ga kaburbura da fasassun tukwane a kansu. A gefen gangare kuma an tare ƙasa da jerin duwatsu hawa-hawa, don a yi ɗan noma ruwa bai wanke shi ba.

Abu biyu ne suka fi tsaya mini. Na farko, duwatsun gindin rumbu. Na fara ƙirga su sai na ga sun fi guraben ɗakuna yawa nesa ba kusa ba. Na biyu, ruwa. Na ce, "Baba, ina suke shan ruwa?" Ya kai ni wani kwarmin dutse da ke tara ruwan sama, ya ce wannan yana kai su tsakiyar rani in an yi tattali. Bayan nan fa? Ya nuna rafin da ke can ƙasa. Ya ce mata ke sauka da tulu tun da asuba, samari na rakiyarsu da makamai, kuma mafi yawan waɗanda aka sace a wancan zamani a hanyar rafi ko a gona aka sace su.

A gona. Na yi shiru, don abin da ya kai ni ƙauye makonni biyu kafin nan ke nan.

To me ya hau da su? Dubi taswira za ka gane. Ƙasarmu tana tsakanin manyan dauloli ne: Kabi ta arewa maso yamma, Zamfara da Katsina ta arewa da gabas, Yawuri ta kudu maso yamma. Ko sunan Dakarkari da ake kiran Lelna da shi, labarin da aka fi bayarwa shi ne daga kalmar dakaru ya fito, wato sojan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi, wanda ya gina Surame da ganuwarta ta duwatsu a ƙarni na 16. Ƙarfin waɗannan dauloli doki ne, kuma dukiyar zamanin bayi ce. Mahayi a fili ya fi ƙarfin manomi goma. Amma doki ba ya hawan falalen dutse, ba ya ratsa sarƙaƙiya, kuma kibiya mai dafi ba ta tambayar sarautar wanda ta samu. Wanda ba shi da doki sai ya nemi inda doki ba shi da amfani.

Abin ya fi tsanani a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a kudu da mu, da sarautar Sarkin Sudan, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880, kuma a zamaninsa hare-haren kama bayi suka ɗaiɗaita ƙasar Gwari da Kambari da Dukkawa, hayaƙin ya iso har yankinmu. Garuruwan fili da yawa sun zama kufai. Waɗanda suke kan duwatsu su ne suka fi tsira. Je ka Sakaba ka tambayi Acifawa labarin dutsen Karishen, wanda su suke kira Korisino, za ka ji yadda dutse ya riƙe al'umma da harshenta da sarautarta har yau.

Amma a yi adalci ga tarihi, abu uku. Ɗaya, ba tsoro kaɗai ya hau da mutane ba. Akwai duwatsun da aka zauna a kai tun kafin a haifi kakan Nagwamatse, don wuraren ibadar gargajiya suna can, kaburburan iyaye suna can. Biyu, ba baƙi kaɗai ake wa ganuwa ba. Garuruwanmu ma sun yi faɗa da juna a kan gona da farauta da mata, tsofaffi ba sa ɓoye wannan in ka zauna da su. Uku, hawan dutse ba al'adar ƙabila ɗaya ba ce. Kano daga Dala ta fara. Zazzau tana da Turunku da Kufena. Zamfara tana da Kwatarkwashi. Kuma a cikinmu akwai gidaje da yawa da za su gaya maka kakansu daga Katsina ko Zamfara ko Kabi ya zo, aka ba shi wuri a kan dutse ya zama ɗan gari. Duk wanda ya ɗauki wannan tarihi ya mai da shi sandar dukan wata ƙabila a yau, bai karanta shi daidai ba.

Da na dawo gida na shiga karance-karance, sai na tarar abin da na gani a dutsenmu an yi irinsa a Turai fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Akwai wasu al'ummu da ake kira Keltawa, waɗanda suka zauna a ƙasashen da yanzu suke Faransa da Ingila da maƙwabtansu kafin Rumawa su ci su da yaƙi. Manoma ne da makiyaya da maƙera, ba su da sarki ɗaya, kowace ƙabila da nata shugabanni, suna faɗa da juna suna kuma ƙawance. Su ma kan tuddai suka gina garuruwansu suka kewaye da ganuwa da gwalalo.

A kudancin Ingila akwai wani da ake kira Maiden Castle. An fara gina ganuwarsa wajen shekara 600 kafin Miladiyya, daga baya aka faɗaɗa shi ya kai hekta 19, wato filin ƙwallo sama da ashirin, da ganuwa bayan ganuwa. Ƙofarsa a murɗe take, mai shiga sai ya yi ta kwana yana ba masu majajjawa bayansa. Da na ga hoton sai na tuna giɓin da maharbi ya tsayar da ni. Akwai wani kuma, Danebury, da masu haƙar tarihi suka yi aiki a kai daga 1969 zuwa 1988. Me suka fi samu? Dubban ramukan ajiyar hatsi, da guraben rumbuna masu ƙafa huɗu. Kun ji fa. Can ma rumbu ya fi komai yawa. Ashe garin kan dutse, ko a Ingila ko a ƙasar Zuru, babban rumbu ne da aka yi wa ganuwa.

Yadda suka faɗi ma akwai darasi. A shekara ta 52 kafin Miladiyya, Yuliyas Kaisar ya ritsa jagoran Keltawan Faransa, wani mai suna da wuyar faɗi, Vercingetorix, a garin Alesia da ke kan tudu. Kaisar bai ɓata sojansa wajen hawa ba. Katanga biyu ya gina: ɗaya ta hana na ciki fita, ɗaya ta hana masu kawo ɗauki shiga. Da abinci ya ƙare, mayaƙan ciki suka fitar da mata da yara da tsofaffi, Rumawa suka ƙi buɗe musu hanya, suka mutu da yunwa a tsakanin katangun biyu. Gari ya miƙa wuya. Shekara ɗaya bayan nan, a wani gari mai suna Uxellodunum, abinci na nan amma ruwa daga ido ɗaya yake fitowa a gindin tudu. Rumawa suka haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa suka karkatar da ruwan. Ido ya ƙafe, gari ya faɗi, Kaisar ya sa aka yanke hannun duk wanda ya ɗauki makami.

Dutse yana korar mahara masu sauri, waɗanda suka zo su kwashe su gudu. Ba ya korar wanda ya zo ya zauna ya tare maka gona da rafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci: me ya sauko da su?

A Faransa akwai Bibracte, babban birnin wata ƙabila ta Keltawa, a kan wani dutse mai tsawon mita sama da 800. Ba a ƙone shi ba, ba a rushe shi ba. A zamanin Sarki Agustas Rumawa suka gina sabon gari a fili, Autun, kamar kilomita 25 daga nan, a bakin manyan hanyoyi, da kasuwa da makarantu. Cikin 'yan shekaru mutane suka sauka da ƙafarsu. Daji ya cinye tsohon birnin, har aka yi ta gardamar inda yake, sai da aka fara haƙa a 1867 aka tabbatar.

Mu ma kusan haka aka yi. Turawan Ingila sun ci Kontagora a farkon 1901, suka ci Sakkwato a 1903. Harin bayi na fili ya tsaya, ko da yake a 1903 ɗin nan suka mai da Ibrahim kan kujerarsa, wanda ya nuna maka ba don ƙaunarmu suka zo ba. Bature yana son mutane a fili don ya ƙirga su, ya karɓi haraji, ya ɗebi masu aikin hanya. Wasu garuruwan an matsa musu su sauka, wasu sun sauka a hankali da kansu, gida ɗaya yau, gida biyu baɗi. Kakata ta sha gaya mana cewa abin da ya fi faranta wa uwarta rai da suka sauka shi ne tulu. Ta daina hawan dutse da tulu a kai. Gona ta matso, ta kuma faɗaɗa. Kasuwa ta zo, daga baya makaranta da asibiti.

Amma ku lura da abin da ya faru a zahiri. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna tsare kansu sun ajiye ganuwarsu, sun yarda su kwana a fili ba ƙofa ba katanga, suna biyan haraji. A madadin me? A madadin hukuma ta ɗauki nauyin tsaronsu. Ba a rubuta a takarda ba, ba wanda ya dangwala yatsa, amma ciniki ne: ku sauko ku biya, mu mu tsare ku. Bature ya tafi a 1960 ya bar wa Nijeriya wannan alkawari. An raba jihohi, mun zauna a Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 muka kasance a Jihar Sakkwato, a 1991 muka zama Jihar Kebbi, alkawarin yana bin mu daga fayil zuwa fayil. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma na san albashin da nake karɓa duk wata daga cikin wannan ciniki yake fitowa.

Mu kuwa mun cika namu ɓangaren har da gyara. Jikokin masu tsaron ƙofar dutse su ne suka cika barikokin ƙasar nan. An kai iyayenmu Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, irin su Kawu. Ƙasar Zuru ta ba Nijeriya Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, Babban Hafsan Sojan Ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, da Manjo Janar Tanko Ayuba, da wasu da yawa. Bayan su akwai dubban kurata da kofur da saje da ba wanda ya san sunansu sai iyalansu. Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ba ka ga hoton mai kaki a bango ba.

To yau ina alkawarin? A watan Yuni na 2021 'yan sanda da kansu sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60, kwana kaɗan bayan nan aka kashe jami'an tsaro a Kanya. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da dare, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Na gona da na hanyar kasuwa, irin wanda na je wa gaisuwa, iyalansu kaɗai ke ƙirga su.

Shi ya sa maganar matashin nan ba abin dariya ba ce. Tarihi ya san irinta. A yammacin Ingila akwai wani tudu da ake kira Cadbury, ba kamfanin Bournvita ba. Keltawa sun zauna a kai, Rumawa suka sauke su, wurin ya zama kufai shekaru ɗaruruwa. Da mulkin Rumawa ya janye daga Ingila wajen shekara ta 410, kafin ƙarnin ya ƙare sai ga mutane sun koma sun sake gina ganuwa a kan tsohuwar. Aka sake barinsa. Wajen 1010, da maharan teku daga arewacin Turai suka addabi ƙasar, aka sake hawa. Masu haƙar tarihi in sun ga sabuwar ganuwa a kan tsohon kufai, sun san a wannan zamani hukuma ta yi rauni. Ranar da talaka ya fara kallon dutse da sha'awa, ranar ce ya fara yanke ƙauna daga gwamnati. Duk mai riƙe da muƙami ya kamata wannan kallon ya hana shi barci.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, komawa ba za ta yiwu ba. Dutsen da na hau in ya yi yawa ya ɗauki 'yan ɗaruruwa, garinmu yanzu dubbai ne. Kwarmin ruwan nan ba zai kai mu mako ba. Mai naƙuda fa, wa zai sauko da ita? Yara su bar makaranta? Kuma makamin ya canza. Katangar da ta tare doki da mashi ba ta tare harsashi, babur kuma yana shiga inda doki ba ya shiga. Abin da ya fi ciwo ma, a wurare da dama yanzu maharan ne ke riƙe da dazuzzuka da duwatsun, mu ne a fili. Sannan ku tuna Alesia. Ɗan bindigar yau ba ya bukatar hawa gare ka. Ya hana ka noma damina biyu, ya sa maka haraji kafin ka girbe, yunwa za ta ƙarasa masa aikin. In ka duba da kyau ma ai an riga an fara hawan dutsen, sai dai sunansa yanzu Zuru ko Ribah: mutanen ƙauye sun cika gidajen 'yan uwa da kangwaye a gari, gonakinsu na can sun zama daji, mudun dawa yana ta hawa.

Da na sauko na je na ba Kawu labari, har da yabon katangar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duwatsu ka gano. Wa ya ɗora su?"

Nan ne na gane inda ya dosa tun ranar makoki. Katangar nan ba ɗan kwangila ya gina ta ba. Gayya ce, kowane gida ya kawo hannu. Al'adar golmo, inda samari ke haɗuwa ƙungiya suna yi wa surukai noma shekara da shekaru, ita ta horar da matasan da suka san juna, suka san wa ke da juriya wa ke da raki, suka saba jin maganar shugaba. Kokawa da farauta sun ƙara musu. Rumbu ba a buɗe shi yadda aka ga dama. Mai gadi a ƙofa in ya busa ƙaho, dutsen da ke kusa ya ji ya amsa. Baƙo in ya kwana a gari, kowa ya san gidan da ya sauka da abin da ya kawo shi. Wanda ya nuna wa mahara hanya kuwa, shi da gidansa sun gama zama a garin. Wannan tsarin shi ne ganuwar, duwatsun shaida ce kawai da ta rage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowa a nan ya san yawancin hare-haren yau da ɗan gari ake yin su.

Saboda haka abin da zan ce kashi biyu ne. Na hukuma, wadda ni ma ina cikinta: a cika alkawarin da aka sauko da mutane a kansa. Ƙahon zamanin nan sabis ɗin waya ne, ƙauyen da ba shi da shi kurma ne kuma bebe. Hanyar da motar sojoji za ta yi awa uku a kai kafin ta kai ɗauki, hanyar mahara ce. Sansanin da za a kafa yau a janye gobe ya fi rashinsa haɗari, don wanda ya ba da rahoto shi ake dawowa a kashe. Kuma lokacin shuka da lokacin girbi su ne lokacin yaƙin, a nan ya kamata a zuba ƙarfi. Kakanninmu da ba su yi boko ba sun san a raka mata rafi.

Namu kuma: mu dawo da abin da za a iya dawowa da shi. Garuruwa maƙwabta su yi magana da juna kafin hari, ba a wurin jana'iza ba. Unguwa ta san baƙonta. A yi rumbun gari, ko buhu ɗaya-ɗaya ne, don gidan da aka hana noma kada ya sayar da gonarsa ko ya tura ɗansa daji. 'Yan sa-kai su kasance a ƙarƙashin doka da idon dattawa, don duk ranar da aka kashe marar laifi saboda kamanninsa ko harshensa, an ɗaukar wa 'yan bindiga sabon soja kyauta. Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya a gida ɗaya muke haihuwarsu a ƙasar nan, kuma wannan ita ce katangar da ta rage mana a tsaye. Kada mu bari a zare mata dutse ko ɗaya.

Abu na ƙarshe, kufan kansu suna tafiya. A gindin dutsen da na hau na ga inda masu fasa dutse suka fara ci, tifa na ɗiba. Maharbin ya ce tukwanen kaburbura da ya sani yana yaro, masu siffar dabbobi da mutane, waɗanda mata ke ginawa a ɗora wa babban manomi ko maharbi ko ɗan kokawa, babu ko ɗaya cikakke yanzu. Wasu sun fashe, wasu an sace an sayar. Ka shiga intanet ka rubuta Dakarkari, za ka gan su a gidajen tarihi da kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka. Faransawa sun gina gidan tarihi a gindin Bibracte, yara 'yan makaranta na zuwa. A nan gida, Sukur da ke kan duwatsun Adamawa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1999. Mu namu muna mai da su tsakuwar kankare.

Ba sai mun jira kowa ba. Tsofaffin da iyayensu suka zauna a can sama saura kaɗan. Duk mai waya yana da rikoda a aljihunsa. In ka je gida, zauna da kakarka ka tambaye ta: ina ƙofar take, ina ruwan yake, wa ya fara sauka, me ya sa. Ɗalibanmu na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru da sauran makarantu, ga aikin bincike a ƙofar gida. Masu shirya Uhola, a ware rana ɗaya ta wannan labari. Hakimai da masu unguwanni, a hana fasa dutse a inda kaburbura suke. Inda hanya ba lafiya kada kowa ya hau, rai ya fi tarihi, a fara da bakin tsofaffi.

Matashin nan na neme shi kafin in dawo. Na ce in an kwana biyu zan sake hawa, ya shirya mu tafi tare. Ya ce, "Yaya, in mun hau me za mu samo?" Na ce ya zo dai ya ƙirga gindin rumbu da kansa.

Wanda ya san sunan tsohon kufan garinsu, da Hausa ko da C'lela ko da kowane harshe namu, ya rubuto mini, ina tarawa. Wanda ya ga kuskure a abin da na faɗa ya gyara mini.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo da waɗanda ke hannu, ya ba mu damina mai albarka da ikon girbe ta lafiya. Amin.